Waƙar da Aka Yi wa Kiɗa a Bayan Idon Masu Ita: Nazarin Lamarin "The Sound of Silence"

A ƙarshen shekarar 1965 wani saurayi ɗan Amurka mai shekara 24 yana yawon waƙa a ƙananan kulob-kulob na Turai, daga shi sai jitarsa da jakar kayansa, ya buɗe mujallar Billboard ya ga sunansa a jerin waƙoƙin da ke tashe a ƙasarsu. Waƙar dai tasa ce, shi ya rubuta ta, muryarsa ce da ta abokinsa a kan faifan. Amma gangunan da jitar lantarkin da ke ƙarƙashin muryoyin, ba da shi aka yi su ba, ba a ma tambaye shi ba. Sunan saurayin Paul Simon, abokin kuwa Art Garfunkel. A lokacin sun riga sun raba jaha, kowa ya kama gabansa, don kundin waƙoƙinsu na farko ya ƙi ciniki.

Kafin mako na farko na Janairun 1966 ya fita, wannan waƙa ta hau kan gaba a duk faɗin Amurka. Lamarin ya cancanci a zauna a duba shi, domin da wuya a sami wata waƙa da tarihinta ya fito da tambayar nan fili kamar wannan: idan waƙa ta yi nasara, nasarar ta wace ce?

Yaran Queens da waƙar banɗaki

Simon da Garfunkel 'yan unguwa ɗaya ne a Queens, cikin birnin New York, an haife su shekara guda, 1941, kuma tun suna firamare suka san juna. Suna da shekara 16 suka fitar da wata waƙar samari, "Hey Schoolgirl", da sunan aro na Tom & Jerry, suna kwaikwayon haɗin muryar Everly Brothers. Ta kai lamba 49 a 1957, daga nan abin ya tsaya cik. Wannan ƙaramin tarihi yana da amfani a gaba: yaran nan da kiɗan rok suka fara, waƙar gargajiya daga baya suka shigo ta.

A farkon shekarun 1960 matasan jami'a a Amurka suka koma wa tsofaffin waƙoƙin ƙauye, na ma'aikata da na masu zanga-zanga, waɗanda ake kira fok. Cibiyar abin ita ce unguwar Greenwich Village a birnin New York. Ƙa'idar gidan a bayyane take: murya da jitar katako, sai kuma magana mai nauyi. Wanda ya saka lantarki da ganguna, a wurinsu ya sayar da mutuncinsa ya koma ɗan kasuwa. Kamar dai mai kuntigi ya wayi gari ya ga an ɗora wa waƙarsa fiyano, haka suke jin abin. Simon, wanda ya karanci adabin Ingilishi a Queens College, ya shiga wannan sahu da zafinsa.

Shi da bakinsa ya faɗi yadda yake tsara waƙa a lokacin. Sai ya shige banɗakin gidan iyayensa da jita, ya kashe fitila, ya kunna famfo, saboda tayil ɗin bangon yana mayar da sauti da ɗan amsa-kuwwa mai daɗi, ƙarar ruwan kuma tana kwantar masa da hankali. Daga nan layin farko ya samo asali, inda mai waƙar yake gaida duhu a matsayin tsohon amininsa. Garfunkel ya rubuta a bayan kwalin faifansu cewa tun watan Nuwamba Simon yake da jigon da karin, ya yi wata uku yana fama, sai ranar 19 ga Fabrairun 1964 waƙar ta kammalu. Da yake a Nuwamban 1963 aka harbe Shugaba Kennedy, mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin makokin wannan kisa, ko da yake babu inda ta ambace shi.

Baiti biyar ne, babu amshi. Ga kunnen Bahaushe wannan kaɗai abin lura ne, don mu mun saba waƙa ta kasance da inda jama'a za su karɓa. A nan abin da ke maimaituwa kawai shi ne ƙarshen kowane baiti, inda ake komawa kan maganar shiru. Mai waƙar ya yi mafarki yana tafiya shi kaɗai a lungu cikin sanyi, sai hasken fitilar talla ya soke masa ido. Ya ga dubban mutane, bakunansu na motsi amma ba abin da suke faɗa, kunnuwansu a buɗe amma ba sa saurare. Ya yi musu tsawa cewa shiru yana yaɗuwa kamar ciwon daji, maganarsa ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka. A ƙarshe jama'ar suka rusuna wa gunkin hasken lantarki da suka ƙera da hannunsu, gaskiya kuwa tana rubuce a bangon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da zaurukan gidajen haya. Garfunkel ne ke riƙe da karin a sama da siririyar muryarsa, Simon yana tallafa masa daga ƙasa.

A gaskiya rubutun yana da warin ƙuruciya. Akwai wa'azin ɗalibin da ya karanta littattafai da yawa yana ganin duk duniya wawaye ne sai shi. Simon ma daga baya bai musa ba, ya ce damuwa ce irin ta matashin da bai gama girma ba, sai dai tana ɗauke da wata gaskiya, kuma sauƙin karinta ne sirrinta. Manyan Greenwich Village ba su yi masa wannan adalcin ba. Dave Van Ronk, ɗaya daga cikin jigoginsu, ya ba da labarin cewa lokacin da yaran suka rera ta a kulob ɗin Gerde's Folk City a 1964, dariya aka yi musu, har layin gaisuwar duhun ya zama abin zolaya a tsakanin mawaƙa.

Kundin da ya kwana a shago

Wanda ya buɗe musu ƙofar kamfanin faifai na Columbia shi ne furodusa Tom Wilson. A ranar 10 ga Maris 1964 suka naɗi waƙar, muryoyi biyu da jitar katako, babu ganga ko ɗaya. Ta fito a kundin *Wednesday Morning, 3 A.M.* ranar 19 ga Oktoba, ita ce ta ƙarshe a fuskar farko ta faifan, kuma a lokacin sunanta "The Sounds of Silence", da jam'i.

Kwafi wajen 3,000 aka sayar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Fabrairun shekarar mawaƙan Beatles na Ingila suka sauka Amurka, zuwa Afrilu su kaɗai suka riƙe lamba ɗaya zuwa biyar a jadawalin Billboard. Kasuwa ta juya, su kuma sun fito da kayan bara: waƙoƙin coci, tsofaffin waƙoƙin gargajiya, waƙar fitaccen mawaƙin fok Bob Dylan guda, da 'yan nasu. Garfunkel ya koma karatu a Jami'ar Columbia. Simon ya haura Ingila, inda kulob-kulob na fok suka karɓe shi hannu bibbiyu, har ya naɗi kundi shi kaɗai a Landan, *The Paul Simon Songbook*, ya sake saka waƙar a ciki. Da a nan aka tsaya, da yau sai masu tonon tsofaffin faifai ne za su san da ita.

Hannun Tom Wilson

Ya kamata a tsaya a kan wannan mutum, don shi ne ginshiƙin lamarin kuma shi aka fi mantawa. Baƙar fata ne, haifaffen Waco a jihar Texas a 1931, ya yi karatun tattalin arziki a Harvard. Da kiɗan jaz ya fara, da ɗan ƙaramin kamfaninsa mai suna Transition, inda ya fitar da faifan farko na Cecil Taylor da na Sun Ra, mawaƙan da a lokacin manyan kamfanoni ba sa kusantar su. Da ya shiga Columbia aka damƙa masa Bob Dylan. A Amurkan 1963, ana tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata, Baƙi ya zauna a kujerar furodusa yana ba wa fararen mawaƙa umarni a babban kamfani, ba ƙaramin abu ba ne.

Wilson ba ya cikin masu tsarkake jitar katako. Tun da ƙungiyar Animals ta Ingila ta ɗauki tsohuwar waƙar gargajiya "The House of the Rising Sun" ta yi mata kiɗan lantarki ta kai lamba ɗaya a 1964, ya fahimci inda iska ke kaɗawa. A ƙarshen shekarar har ya gwada ɗora kiɗan lantarki a kan tsohon naɗin Dylan na wannan waƙar, gwajin bai fita kasuwa ba. Wato dabarar tana aljihunsa, wurin amfani da ita yake jira.

Abu biyu suka haɗu a 1965. Na farko, a Afrilu ƙungiyar Byrds, su ma 'yan Columbia, suka fitar da "Mr. Tambourine Man" ta Dylan da jitar lantarki mai tsirkiya 12, ta kai lamba ɗaya a Yuni, 'yan jarida suka raɗa wa salon suna fok-rok. Na biyu, labari ya fara zuwa kamfani cewa wata waƙa daga wancan mataccen kundi tana motsi. Wani mai gabatar da shirin dare a gidan rediyon WBZ na Boston yana saka ta, ɗaliban jami'o'in Harvard da Tufts suna bugo waya suna neman a maimaita. Haka ma a Cocoa Beach ta jihar Florida. Babu talla, babu wanda ya tura ta. Masu sauraro ne suka tono ta da kansu.

A tsakiyar shekarar, a daidai lokacin da yake aikin "Like a Rolling Stone" da Dylan, Wilson ya ɗauko tef ɗin 1964 ya tara makaɗan haya, cikinsu da Al Gorgoni da Vinnie Bell a jitar lantarki da Bobby Gregg a ganguna. Aikin ya zo a baibai. A al'ada makaɗa ne ke shimfiɗa bugu, mawaƙi ya hau. A nan mawaƙan sun riga sun gama nasu tun bara, sun tafi, kuma sun rera ne yadda mutum biyu ke rera waƙa a ɗaki, su ɗan yi sauri a nan su ɗan ja a can, ba mai riƙe musu taku. Dole makaɗan su sa na'ura a kunne suna bin muryoyin a baya kamar mai bin akuya a kasuwa. Mai kunne zai ji wuraren da gangar ke ɗan jan ƙafa don muryoyin su cim mata. Injiniyan sauti Roy Halee ya zuba amsa-kuwwa mai yawa a kai, irin wadda ke cikin faifan Byrds, ta ɗan rufe ɗinkin.

Abin da ya sa aikin ya yi kyau shi ne Wilson bai cika hannu ba. Bai taɓa muryoyin ba, bai yanke baiti ba, bai ƙirƙiro amshi ba. Baitin farko ya bar shi kusan yadda yake, mutum da duhunsa. Sai a baiti na biyu ganguna suka shigo, daidai inda mai mafarkin ya fita titi. Waƙar da da take zaune wuri ɗaya tana gunaguni, yanzu ta miƙe tana tafiya, kuma kowane baiti yana ƙara nauyi har zuwa tsawar da ke baiti na huɗu. Ni a ganina naɗin 1964 ya fi tsabta, amma na 1965 ya fi gaya wa mai sauraro abin da waƙar ke nufi. Wa'azin da ya yi kama da na ɗalibi idan jita kaɗai ce, da ganguna suka shiga sai ya zama faɗa na gaske.

Bai nemi izinin kowa ba. Ta fuskar doka bai buƙata, don naɗin mallakar kamfani ne kamar yadda kwantiragin zamanin ya tanada, kuma masu waƙar ba sa tare balle a ce ga wanda za a kira. A Satumban 1965 faifan ya fita.

Tashe

Abokan Simon na Landan, cikinsu da mawaƙi Al Stewart, sun ce ransa ya ɓaci matuƙa da ya fara jin faifan, musamman wurin da kiɗan ke tuntuɓe da muryoyi. Garfunkel kuwa bai ɗauki abin da zafi ba, bai kuma zaci zai yi nisa ba. Faifan ya fara kamawa a Boston, ya bi gabar gabas, ya shiga jadawalin ƙasa a Nuwamba. Kafin Disamba ta ƙare Simon ya tattaro ya dawo New York. A jadawalin 1 ga Janairun 1966 waƙar ta hau lamba ɗaya, "We Can Work It Out" ta Beatles ta ture ta, ta sake dawowa a ranar 22 ga wata. Mutanen da suka binne kundinsu na farko, da su suke musayar kujera yanzu. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Simon yana da wani labari da yake bayarwa na wannan lokaci. Suna zaune a mota a unguwarsu ta Queens, ba su da wurin zuwa, rediyo ya sanar da cewa waƙarsu ce ta ɗaya a ƙasa. Sai Garfunkel ya juyo ya ce masa, lallai waɗannan Simon da Garfunkel ɗin suna can suna shan daɗi.

Columbia ba ta bari ƙarfen ya huce ba. Cikin 'yan makonni aka haɗa kundin *Sounds of Silence*, ya fito ranar 17 ga Janairun 1966, yawancinsa waƙoƙin da Simon ya riga ya rubuta a Ingila ne aka yi musu sabuwar riga ta lantarki. "Homeward Bound" da "I Am a Rock" suka biyo baya a shekarar, dukansu suka shiga biyar na farko. Wilson bai ga wannan daga ciki ba. Ya riga ya bar Columbia zuwa MGM, Bob Johnston ne ya karɓi aikin. Abin dariya kuma, a Ingila, ƙasar da ta riƙe Simon lokacin da gida ya ƙi shi, faifan nasu bai shiga jadawali ba. Wata ƙungiyar Ireland mai suna Bachelors ce ta rera waƙar ta kai lamba uku da ita.

To, nasarar ta wace ce?

Masu son Simon sukan ce waƙar ce mai kyau, da Wilson da babu Wilson za ta fito. Suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: ɗaliban Boston sun so ta tun tana tsirararta. Amma shirin dare na birni ɗaya daban, rediyon rana na ƙasa baki ɗaya daban. Wannan naɗin ya yi kusan shekara a kasuwa bai motsa kowa ba sai 'yan tsiraru. Simon ya sake naɗar ta a Landan, nan ma shiru. Sau biyu aka gwada ta da jitar katako, sau biyu ta kwanta. Sai a karo na uku, da hannun wani ya shiga, ta tashi.

Masu ɗaga Wilson su ma kada su wuce gona da iri. Dabarar ɗora ganguna a kan tsohon naɗi ya gwada ta a kan Dylan ba ta haifar da komai ba. A Afrilun 1965 ya shiga situdiyo da su Simon ɗin kansu suka yi waƙoƙi biyu da kiɗan lantarki, da saninsu da yardarsu, ɗaya daga ciki, "We've Got a Groovy Thing Goin'", ita aka manna a bayan faifan. Ba wanda ke tuna ta yau. Lantarki kaɗai ba ya raya waƙa. Wannan kuma yana nuna cewa ɓacin ran Simon bai shafi lantarkin kansa ba, mutumin da ya fara da kwaikwayon Everly Brothers ba zai ji tsoron ganga ba. Abin da ya ci masa rai shi ne an shiga ɗakinsa ba sallama.

Yana da gaskiya a nan, kuma sakamako mai kyau ba ya wanke hanyar. Da faifan ya faɗi, da tarihin ya zama na kamfanin da ya lalata waƙar yaro. Sai dai wanzami ba ya son jarfa. A wancan zaman na Landan Simon ya koyi tsohuwar waƙar Ingila "Scarborough Fair" a wurin Martin Carthy, da irin tsarin jitar da Carthy ya yi mata, ya fitar da ita a 1966 ba tare da sunan Carthy ya bayyana ba. Carthy ya riƙe abin a zuci shekara da shekaru, sai a 2000 suka shirya, suka rera ta tare a dandali a Landan. A 1970 kuma Simon ya yi ainihin abin da Wilson ya yi masa, amma a juye: ya ɗauki naɗin kiɗan ƙungiyar Los Incas na "El Cóndor Pasa", ya rubuta kalmomin Ingilishi ya ɗora muryoyi a kai. Ya nemi izinin ƙungiyar, amma an ɗauka karin na gargajiya ne marar mai shi, alhali Daniel Alomía Robles ɗan ƙasar Peru ne ya tsara shi a 1913. Sai da ɗan marigayin ya kai ƙara aka saka sunan mahaifinsa. Haka aka yi ta muhawara a 1986 kan kundin *Graceland* da ya naɗa da mawaƙan Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. Mutumin da arzikinsa ya fara da taɓa masa kaya ba izini, rayuwarsa ta waƙa ba ta rabu da tambayar kayan wa ya taɓa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ma saka su a lissafi. Makaɗan hayan nan an biya su kuɗin zama, suka tashi suka tafi aiki na gaba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuɗin marubuci duk na Simon ne, kuma a 2021 ya sayar wa Sony Music Publishing da taskar waƙoƙinsa gaba ɗaya. Wilson ya ci gaba da aikinsa na gano abin da wasu ba su gani ba: shi ya kawo Frank Zappa da Mothers of Invention, ya yi aiki da Velvet Underground. Ya rasu a Los Angeles a 1978 yana da shekara 47. A cikin 'yan watannin 1965 kaɗai hannunsa yana kan "Like a Rolling Stone" da wannan waƙa, biyu daga cikin turakun salon fok-rok, amma a tambayi mutum goma masu son su, da wuya ɗaya ya san sunansa.

Rayuwarta bayan masu ita

Waƙoƙi da yawa sun kai lamba ɗaya a 1966 kuma sun mutu a 1966. Abin da ya ba wannan rai na biyu fim ne. Darakta Mike Nichols yana haɗa *The Graduate* a 1967, ya saka ta na wucin gadi yana jiran a yi masa sabon kiɗa, sai ya ga ba abin da zai maye gurbinta. Da ita fim ɗin ke buɗewa, jarumin fim ɗin Dustin Hoffman a tsaye, bel ɗin filin jirgi yana jansa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da ita kuma yake rufewa: saurayi ya sace amarya daga coci, sun faɗa kujerar baya ta bas suna dariya, sai dariyar ta dushe a hankali, kowa ya zuba ido gaba bai san me zai ce ba. A wancan zamani ba a saba ɗaukar waƙar da ta riga ta yi tashe a gina fim a kanta ba. Daga wannan fim "Mrs. Robinson" ta fito, ita ma ta kai lamba ɗaya a 1968. Nichols shi ne mutum na biyu da ya ɗauki waƙar ya ba ta wata ma'ana: daga fushin mai wa'azi ta koma sautin wanda ya sami abin da yake nema ya rasa abin yi da shi.

Simon da Garfunkel sun rabu a 1970 bayan kundin *Bridge over Troubled Water*, suna haɗuwa jefi-jefi suna sake ɓatawa. A taron Central Park na 19 ga Satumban 1981, wanda aka ƙiyasta mutum 500,000 suka halarta, sun rera ta. Ƙungiyar BMI, mai karɓar wa marubuta waƙa kuɗin haƙƙinsu a Amurka, a 1999 ta sanya ta ta 18 a jerin waƙoƙin da aka fi sakawa a ƙarni na 20, kuma a 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da kundin cikin rajistar naɗe-naɗen da ake adanawa don tarihi.

Zamanin intanet ya yi mata abin da 'yan Greenwich Village suka fara. Wasan barkwanci na *Arrested Development* ya riƙa saka farkonta duk lokacin da wani ɗan wasa ya yi tagumi, daga nan ta zama kiɗan tsokanar duk wanda abin duniya ya dama. A 2016 aka ɗora ta a kan hoton bidiyon ɗan fim Ben Affleck yana zaune jugum a wata hira, miliyoyi suka kalla. Yara da yawa a yau ta nan suka san ta, ba su taɓa jin baiti na biyu ba. Akwai kuma labarin da ke yawo a Facebook cewa an yi ta ne don Sanford Greenberg, abokin ɗakin Garfunkel a jami'a wanda ya makance, Garfunkel yana yi masa karatu yana kiran kansa Duhu. Abotar gaskiya ce, Greenberg ya rubuta littafi a kanta. Amma Garfunkel bai rubuta waƙar ba, kuma wanda ya rubuta ta banɗaki da famfo ya ambata.

A 2015 ƙungiyar Disturbed, masu kiɗan rok mai tsananin ƙara, suka rera ta. Kowa ya zaci za su cika ta da hayaniya, sai suka yi akasin haka: fiyano, kayan tsirkiya irin na makaɗan gandu, da muryar David Draiman da ta fara daga can ƙasa ta hau a hankali har ta zama ruri. Da suka yi ta kai tsaye a shirin talabijin na Conan O'Brien a Maris 2016, Simon ya aika wa Draiman saƙon yabo. Ta hau kan jadawalin rok na Billboard, aka zaɓe ta takarar lambar yabo ta Grammy, kuma akwai dubban matasa da suka ɗauka waƙar Disturbed ce. Bayan 'yan shekaru wani furodusa ɗan Ostareliya mai suna Cyril ya ɗauki muryar Draiman ya shimfiɗa mata bugun rawa, ta sake tashe a Turai a 2024. Ganga a ƙarƙashin muryar da aka riga aka naɗa, aikin Wilson ke nan, bayan shekara kusan 60.

Ranar 11 ga Satumban 2011, a taron cika shekara 10 da harin da aka kai wa tagwayen benayen New York, an rubuta a takardar shiri cewa Paul Simon zai rera "Bridge over Troubled Water". Ya fito sanye da hular hana-salla, yana dab da cika shekara 70, ba Garfunkel, ba makaɗa, sai jitar katako. A gabansa iyalan mamata suna riƙe da hotuna, ana tsakiyar karanto sunaye kusan 3,000. Bai rera abin da aka rubuta ba. Ya sa yatsa a tsirkiya, ya fara gaida duhu.